Dokar Gida, Sandar Aro: Daga Funtuwa Zuwa Malumfashi

Motar ta bar Zariya hantsi bai gama ɗagawa ba. Golf ce mai ɗaukar mutum shida ban da direba, biyu gaba huɗu baya, kowa ya ara wa ɗan'uwansa kafaɗa. Lokacin kaka ne, daga Shika har Giwa gefen kwalta duk shanya: masara a nan, barkono a can, waken soya an baza kan farkakkun buhuna, yara na korar awaki da karan dawa. Matafiyin ya fito ne don ya ga yadda ake tsare ƙananan dokoki a garuruwan noma na kudancin Katsina, amma bai yi nisa ba ya tuna shi kansa a kan karya doka yake zaune, don kujerar gaba ta mutum ɗaya ce, shi ne kuwa na biyun.

Shingen farko tayoyi ne da buhunan yashi da wani katako mai ƙusoshi. Direba ya rage rediyo, ya leƙo da kai. "Yallaɓai, barka da aiki." Mai bindigar ya gyaɗa kai, ya zagaya baya, ya sa aka buɗe but, ya daddanna buhu biyu, ya ɗaga wata jarka ya shinshina, ya ji manja ne ya mayar. Ko kallon kujerar gaba bai yi ba. A wannan hanya da ta ratsa Funtuwa ta nufi Tsafe da Gusau, abin da ke cikin but ya fi abin da ke kan kujera damun mai kaki, kuma duk wanda ya san abin da dajin yamma ya zama a 'yan shekarun nan ba zai ga wautarsa ba.

Funtuwa gari ne da hanya ta haifa. Asalin sarautar yankin a Maska take, shi ya sa har gobe hakimin Funtuwa Sarkin Maska ake ce masa. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya isa Ƙaurar Namoda a 1929 ta nan ya bi, Turawan kamfanin auduga na BCGA suka kafa injin gurza, mutane suka biyo kuɗi suka zauna. A 1975 nan aka buɗe ɗaya daga cikin shirye-shiryen bunƙasa noma uku na farko da Bankin Duniya ya tallafa wa a ƙasar nan, sauran biyun a Gusau da Gombe. Masaƙa ta zo, a 2024 kuma aka ƙaddamar da tashar sauke kaya ta kan tudu. Garin ne cibiyar shiyyar ƙananan hukumomi goma sha ɗaya, daga Sabuwa da Dandume har Musawa da Matazu. Abin da wannan tarihi ya haifar a kan titi shi ne abin da baƙo ke fara cin karo da shi: tirela ta yi fakin ta cinye rabin hanya, tanka na bayanta, a-kori-kura na lodin masara, mai shayi ya kafa teburinsa a kan magudanar ruwa, 'yan acaɓa na kutsawa ta duk inda iska ta samu wucewa.

To wa ke da hurumin cewa wannan ya matsa, wancan ya tashi?

A takarda amsar ba ta da wuya. Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya jera wa ƙaramar hukuma ayyukanta dalla-dalla. Ita ke da kasuwa da tashar mota da mayanka da banɗakin jama'a. Ita ke ba da lasin keke da baro da amalanke, ita ke kula da shaguna da kes-kes da gidajen abinci da gidajen burodi, da kwashe shara, da sa wa tituna suna, har da allunan talla. Kansiloli su zauna su yi doka, ciyaman ya sa hannu, ta zama dokar gari. Sai dai kundin da ya ba ta wannan jeri, shi ne a sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a Najeriya, ba a kafa wata ba. Baturen 'yan sandan Funtuwa ba yaron ciyaman ba ne. Yana ƙarƙashin kwamandan yanki, shi kuma yana ƙarƙashin kwamishina a Katsina, kwamishina na jiran Sufeto Janar a Abuja. Ko gwamna ne ya ba kwamishina umarni, sashe na 215 ya bar masa ƙofar cewa a fara jin ta bakin shugaban ƙasa tukuna. Mai dokar daban, mai sandar daban, duk ranar da ake son a ɗaga sandar sai an je aro.

Matafiyin ya ga yadda aron yake a bakin wata kasuwar hatsi. Wani ma'aikacin tara kuɗin shiga, riƙe da ɗan littafin rasit da ya sha hannu har ya yi laushi, ya tare wani yaro mai baro ɗauke da buhun dawa. Yaron ya ce ya biya da safe, aka ce ya nuna takarda, ya lalube aljihu bai samu ba. Ma'aikacin bai kira kowa ba, kawai ya dafa hannun baron ya tsaya. Ɗan sanda na zaune a benci ƙarƙashin dalbejiya, bai fi taku ashirin ba, yana ɓare gyaɗa. Yana kallo, bai motsa ba. Sai da murya ta fara tashi, 'yan dako suka fara zagayewa, sannan ya kakkaɓe ɓawon daga cinyarsa ya taso a hankali. "Kai yaro, mene ne?" Kafin ya iso wani dillali ya riga ya zaro kuɗin ya miƙa, an yago rasit, baro ya wuce. Ɗan sandan ya koma bencinsa.

Kusan haka yawancin dokokin gari suke tafiya. Mai karɓar haraji da duba-gari da sarkin kasuwa da shugabannin tasha su ne a gaba, ɗan sanda inuwa ce a bayansu. Ana nemansa ranar da kwamitin kar-ta-kwana zai fita tashin masu kasa kaya a kan titi, ko ranar da kotun tafi-da-gidanka za ta zauna, ko in wani ya ɗaga wa ma'aikaci hannu. A irin wannan rana sai a rubuta wa baturen 'yan sanda takarda, sau da yawa kuma a haɗa da man mota, tunda ba ɓoyayyen abu ba ne cewa motocin sintiri da dama gwamnatocin jihohi ne ke saya wa rundunar da ba tasu ba.

Da ba haka abin yake ba, kuma tsofaffin yankin sun sani. A zamanin En'e mai yin doka shi ke da ɗan doka. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ɗansa ya ɗora a kan 'yan dokan masarautar a 1929, wato Usman Nagogo, wanda ya gaje shi a 1944. Wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayin aikin a lokacin. A ƙasar auduga irin ta Funtuwa da Malumfashi dokar En'e har cikin gona take shiga. Ba a sayar da auduga sai a kasuwar da hukuma ta ware, inda za a duba ta a raba mai kyau da mai datti kafin a ɗora a sikeli. In an gama tsinka dole a tuge itacen a ƙone saboda tsutsa kada ta kwana ta jira baɗi. Wanda ya ƙi, malamin gona ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi, ɗan doka ya zo da jar dara, gobe war haka mutum na gurfane gaban alƙali. Duba-gari kuwa har ɗakin tsakar gida yake shiga ya leƙa randa, in ya ga tsutsar sauro a yi sammaci.

Masu cewa a dawo da wancan zamani sukan tsaya a nan. Ba sa ƙarasawa da cewa sandar da ta sa aka ƙone itacen auduga ita ce ta riƙa sauka a bayan 'yan jam'iyyar NEPU a shekarun 1950, don sun yi taro ba izini, ko don an ce sun zagi sarki. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta narkar da 'yan dokan En'e cikin rundunar tarayya a ƙarshen shekarun 1960. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zare hakimai daga mulki, sannan a 1979 Gwamna Balarabe Musa na tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har 1987, ya soke haraji da jangali. An raba talaka da wata azaba, wannan gaskiya ne. Igiyar da ta ɗaure doka da mai tsare ta ma a nan ta tsinke.

Daga Funtuwa matafiyin ya hau wata motar zuwa Malumfashi, ta Bakori. Hanya ce mai gonaki dama da hagu, karan dawa an tsittsibe shi, jefi-jefi farin auduga na leƙowa. Direban wannan motar mai magana ne, kuma da aka taɓo dokar Masari sai ya rage gudu kamar wanda ya hango rami.

A ƙarshen watan Agusta na 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan wani umarni na daƙile 'yan bindiga, kuma kusan duk abin da ke ciki ƙananan abubuwa ne na yau da kullum. An rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, an hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka ce su zagayo ta Funtuwa. An dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Malumfashi da Faskari da Sabuwa da Kafur, mahaifar gwamnan kansa. An hana manyan motoci ɗauko icce daga daji, an hana fitar da shanu daga jihar a mota, an hana goyon mutum uku a babur. An hana sayar da fetur a jarka, a ƙananan hukumomin da ke bakin daji kuma aka ware gidajen mai bibbiyu, kada a ba mota fiye da na naira 5,000. Babur ba ya fita daga ƙarfe shida na yamma a waɗannan wurare. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, ba a fara maido su ba sai a Disamba.

Ba wanda zai ce ba a san dalili ba. Kusan watanni tara kafin umarnin, ranar 11 ga Disamba 2020, aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Ɗan bindiga da babur yake yawo, babur da fetur yake tafiya, fetur a jarka yake shiga daji, shanun sata kuma a kasuwa suke zama kuɗi. Lissafin a kan tebur daidai yake. Amma jarkar da ke kai wa ɗan bindiga mai ita ce dai wadda mai noman rani a Danja yake cikawa ya zuba wa injin ban ruwan tumatirinsa, ita ce ta mai injin niƙa da mai janareto a kemis. Manomin da ke son sayar da tunkiya ya kai matarsa asibiti ya tarar an rufe kara. Mutum uku a babur kuwa, a ƙauyen da mota ba ta shiga, shi ne mai gida da mara lafiya da mai riƙe mara lafiyar.

Duk wannan a kan wa ya sauka? A kan kurtun da ke tsaye a shinge. Takardar ba ta gaya masa yadda zai bambanta jarkar mai lambu da ta ɗan aiken daji ba, shi ne zai dubi fuska ya yanke hukunci cikin minti ɗaya. Direban ya ce a lokacin wasu kan tuƙo babur su sha mai a gidan mai, su je gida su zuƙe shi da tiyo su dawo layi, wasu kuma su cicciɓo injin ban ruwan kansa a kawo shi gaban famfo don a ga ba ƙarya. 'Yan bumburutu suka koma lungu, kuɗin kwalba ya tashi. An kama masu kai wa daji mai, ba a musu. An kuma wahalar da mutane masu yawa da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Daga baya aka yi ta sassauta dokokin ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan sanda ma ya san iyakarsa, don akwai abin da ya gani. A watan Maris na 2020, da aka hana sallar Juma'a saboda korona, 'yan sanda a Kusada da ke arewacin jihar sun kama wani malami da ya ja jam'i, washegari matasa suka cinna wa ofishinsu wuta. Wanda ya rubuta umarnin yana Katsina, wanda gininsa ya ƙone yana Kusada. Duk kurtun da aka turo daga wata jiha, ba ya jin yaren gari sosai, yana kwana a ɗakin haya cikin mutanen da zai kama gobe, da irin wannan labari a ransa yake auna kowace ƙaramar doka.

A Malumfashi, kusa da wani shataletale, matafiyin ya tsaya shan fura ya ga awon da idonsa. Wani kofur ya tsayar da babur marar lamba, an ɗaure masa buhu biyu na masara, matuƙin na zaune kusan a kan tanki. Kofur ya zare makulli ya sa a aljihu. Babur marar lamba ba abin wasa ba ne a nan, don irinsa ake shiga daji da shi. Saurayin ya sauko yana rantsuwa, ya ce na yayansa ne, takardun na gida. Mutane suka fara taruwa. Can sai ga wani dattijo mai farin gemu ya fito daga shagon taki, ya yi sallama, ya ba kofur hannu.

"Ɗana, sannu da aiki. Wannan yaron na san ubansa, gonarsu na maƙwabtaka da tawa. In ka yarda a sauke buhunan a shagona, ya je ya ɗauko takardun, babur ya zauna a gabanka."

"Baba, ba don ku ba da caji ofis za mu."

"Na sani. Allah Ya yi maka albarka."

Aka kwance buhunan, saurayin ya tari ɗan acaɓa ya tafi. Ba a rubuta komai ba, ba a je gaban kowa ba, kuma matafiyin bai ga kuɗi ya gilma ba. Ba kullum ake rabuwa haka ba, kowa ya sani. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2017 da wanda ya biyo baya a 2019 duk sun sa 'yan sanda a sahun gaba na ma'aikatan da jama'a suka ce sun ba na goro, kuma ƙaramar doka ce ƙofar da aka fi shiga ta nan, don tararta ba ta kai wahalar zuwa kotu ba, kowa gara ya gama a bakin hanya. Akwai ma dokar tarayya tun 1998 da ta haramta wa kowa, har hukumar haraji, kafa shinge a hanya don karɓar kuɗin shiga. Direban da ya taɓa ɗauko masara daga Dandume ya nufi kudu zai iya ba da labarin goruna nawa aka gitta masa kafin ya sauke.

Malumfashi gari ne na Galadiman Katsina, kuma sarautar ta daɗe a hannun masana shari'a. Mai Shari'a Mamman Nasir, tsohon shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasa, shi ke riƙe da ita har rasuwarsa a 2019, Mai Shari'a Saddik Abdullahi Mahuta, tsohon babban jojin jihar, ya gaje shi. Kundin tsarin mulki bai ba hakimi ikon kama ko kaza ba. Duk da haka a lokacin kaka, in shanu suka faɗa gonar da ba a kwashe ba, ko manomi ya shuke burtali, wurin mai unguwa da arɗo ake fara zuwa, a taka gonar, a ƙiyasta ɓarna da buhu ko da dami, in ta gagara a wuce gaban dagaci da hakimi. Ɗan sanda sai an zub da jini, ko wani ya ƙi biyan abin da aka yanka.

Akwai kuma shari'ar da doka ta ce ba tasa ba ce sam, amma ita ke cika masa ofis a lokacin kaka: bashi. Wanda ya karɓi taki da damina a kan zai biya da buhun masara, kaka ta zo bai cika ba, mai kuɗi sai ya kai shi caji ofis, don ya san kwana ɗaya a bayan kanta ya fi sammaci goma saurin fito da kuɗi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Manomin da aka riƙe wa ƙane don ya gudu, da wuya ya taɓa jin wannan sashe.

Gwamnatin jiha ta ga giɓin, sai ta shiga ɗinka nata kakin. Akwai 'yan KASSAROTA masu kula da titi. A 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa hukumar Hisba, a watan Oktoba na shekarar kuma ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma da ake kira C-Watch, matasa sama da 1,400 a kashin farko, waɗanda aka ɗebo daga garuruwan da za su tsare. Ga 'yan sintiri na unguwa, ga Sibil Difens, ga jami'an kiyaye haɗurra na tarayya. A mararraba ɗaya mutum zai iya ƙirga kaki kala huɗu, kowanne da mai gidansa. Amma mai babban laifi in an kama shi, hannun ɗan sanda ake miƙa shi, shi ke da kanta da littafin shigar da ƙara. A Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu da gwamnoni sun amince a duba batun kafa 'yan sandan jihohi, kuma a Kudancin Katsina maganar tana da masoya. Matafiyin dai ya kasa mantawa da jar darar nan da bayan 'yan NEPU duk lokacin da aka tayar da ita.

La'asar sakaliya tashar Malumfashi ta fara ɗaukar harama, direbobi na son su bar gari da sauran rana. Ɗan kamasho na ta kiran Kano ta Gwarzo, saura mutum biyu. Matafiyin ya ce a ba shi gaba, kuma kujerar duka zai biya. Aka yago masa tikiti, ya zauna ya miƙe ƙafa a karo na farko tun safe. Direba ya tada mota ke nan sai ga wani kurtu da 'yar jakarsa a kafaɗa, ya tashi daga aiki, zai sauka a Dayi. Ya sunkuyo ta taga ya yi sallama.

"Alhaji, don Allah a ɗan matsa mini."

Matafiyin ya matsa jikin giya, kurtun ya shigo ya ɗora jakar a cinya, ya ja ƙofa sau biyu kafin ta kama.